Yara na zamewa daga ƙungiya a shekara sha uku zuwa sha biyar: shin fita sansani ne maganin?

Malam Habu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kula da ƙungiyoyin matasa. Akwai wata matsala da kusan kowace ƙungiya ke fama da ita, ta 'yan sikawut ce, ta 'yan mata ce ko ta 'yan agaji. Yaro zai shigo yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya cike da ɗoki, a ɗinka masa kaki, ya haddace alkawari, ya iya fareti. Da ya kai sha uku zuwa sha biyar sai a gan shi wannan mako, a rasa shi makonni biyu, daga nan shi ke nan. Ba a yi faɗa ba, ba a kore shi ba, zamewa kawai ya yi.

Ni a ganina ƙungiyar da ba ta fita sansani a kai a kai ba za ta iya riƙe 'yan wannan shekarun ba. Duk abin da muke koyarwa a ɗakin taro, ƙulla igiya ne, karanta taswira ne, taimakon gaggawa ne, hura wuta ne, yaro ba ya ganin amfaninsa sai ranar da ya buƙace shi. In aka shekara biyu ana koya masa ƙulli bai taɓa ɗaure tantin da zai kwana a ciki ba, dole ya gaji, domin yana da makaranta tun safe, ba ya neman wata da yamma. Ina so masu ilmin abin su faɗa mana: sau nawa ya kamata a fita a shekara, kuma yaya ake tsara fitar har ta sa yaro ya dawo?

Hajiya Rabi

Wa alaikumus salam Malam Habu. Na yarda da kai rabi. Fita daji kawai ba ta riƙe yaro. Akwai sansanin da manya ke kafa tanti, manya su dafa abinci, manya su busa usur, yara kuma su yini a zaune a ƙarƙashin inuwa ana yi musu lacca. Wannan aji ne aka ɗauke shi aka kai daji, kuma ɗan shekara sha huɗu zai gane hakan tun kafin rana ta faɗi.

Mu duba yadda abin ya faro. A watan Agustan 1907 Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea a kudancin Ingila. Wasu daga manyan makarantun kwana na masu hali suka fito, wasu kuma 'yan ƙungiyar Boys' Brigade ne na garuruwan da ke kusa. Abin da ya yi da farko shi ne raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa yaro, da tantinsa. Kowane dare kuma rukuni ɗaya kan fita ya kwana shi kaɗai nesa da sauran, ya dafa abincinsa da kansa. Wannan rabon shi ne ya zama ginshiƙin sikawut har yau.

Rukuni na yara shida zuwa takwas shi ne ke riƙe yaro. A cikin taron yara arba'in, in ka ƙi zuwa ba wanda zai lura. A cikin rukunin mutum shida, in kai ne mai kula da tukwane ka ƙi zuwa, mutum biyar za su kwana da yunwa, kuma za su biyo ka har gida su tambaye ka. Sansani ne kaɗai wurin da wannan dogaro da juna ke zama na gaske.

Ɗanlami

Hajiya, ku yi mini afuwa, ina cikin sababbin masu horarwa. Maganarku ta shige ni, amma a aikace fa? In aka bar wa yara girki, abinci zai ƙone ko ya kai tsakar dare bai nuna ba. In aka bar musu tanti, iska za ta kwashe shi. Iyaye kuma mu za su tuhuma. A ina ake ja layi tsakanin barin su su koya da barin su su wahala?

Baba Garba

Ɗanlami, tambayarka ita ce tambayar. Amsar tana cikin makonni huɗun da ke gaban fita. Wanda ya tsallake su shi ne ke ƙarewa yana yi wa yara komai da kansa.

Saura mako huɗu: a zaunar da shugabannin rukuni su kaɗai, a ba su rana da wuri, su kuma su kawo abin da suke so a yi. Za su kawo goma, uku ba za su yiwu ba, a faɗa musu dalili. Sauran a bar musu ko da kai ba haka za ka tsara ba.

Saura mako uku: kowane rukuni ya rubuta abin da zai ci a kowane lokaci, ya lissafa ma'auni bisa yawan mutanensa. Babba ya duba abu biyu kawai: ya isa, kuma za a iya dafa shi a tukunya ɗaya ko biyu cikin awa ɗaya? Duk abin da zai lalace ba tare da sanyi ba a ci shi ranar farko.

Saura mako biyu: a fito da tantuna a filin taro, kowane rukuni ya kafa nasa ya sauke, sau biyu. A nan ake gano sandar da ta karye, turakun da suka ɓata, da zif ɗin da ya lalace. A nan kuma ake koya musu cewa turke ana kafa shi a karkace, kansa yana kallon nesa da tanti, kusan kusurwa 45, igiya kuma ta miƙe daidai da ɗinkin tantin. In tantin na tamfol mai kauri ne kuma igiyar ta zare ce, a sassauta ta kaɗan da daddare ko in hadari ya taso, domin jiƙewa na sa su tsuke, su tumɓuke turke ko su yaga ɗinki.

Saura mako ɗaya: kowa ya zo da jakarsa a ɗaure kamar yau za a tafi, shugaban rukuni ya zazzage ya duba. Sannan su dafa abu ɗaya a wurin, a kan irin murhun da za a yi amfani da shi.

A sansanin kuma kowane rukuni ya liƙa jadawalin aiki: biyu girki, biyu ruwa da itace, biyu wanke-wanke da shara, a riƙa juyawa kowane cin abinci. Layin da kake tambaya ga shi: duk abin da zai iya kawo rauni ko cuta, babba ya sa baki nan take, wato wuta, wuƙa, gatari, ruwan sha, naman da bai dahu ba, da iyo. Abin da ƙarshensa jinkiri ne ko rashin daɗi, ka sa hannunka a aljihu. Abinci ya ɗan kama a gindin tukunya, su ci haka, gobe za su rage wuta. Sai dai ka ajiye wani busasshen abu a akwatinka, saboda rukunin da girkinsa ya lalace gaba ɗaya kada ya kwana da yunwa.

Malama Saudatu

Ina so in kawo ɗaya ɓangaren, domin ana yabon sansani kamar ba ya korar yara. Yana kora ƙwarai. Yaron da fitarsa ta farko ta zo da sanyi, jiƙewa, yunwa da tsoro, ba zai ce ya bar sansani ba, ƙungiyar gaba ɗaya zai bari. Daren farko shi ne komai, kuma abubuwan da ke ɓata shi sanannu ne.

Isa wuri a makare shi ne na farko. A isa saura aƙalla awa uku rana ta faɗi, a kafa tanti, a haƙa masai, a nuna wa kowa hanyarsa da ido, a ci abinci da sauran haske. Sabon yaro da ya fara ganin wuri cikin duhu, kowane kututture dodo ne a wurinsa.

Sai zaɓen wurin tanti. Kada a kafa a kwari ko a busasshen rafi komai kyan yashinsa, domin ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa zai iya zuwa da tsakar dare. Kada a kafa a ƙarƙashin bishiya mai busasshen reshe. A duba gidan tururuwa da ramuka. In ƙasar na da ɗan gangare, kai ya kasance ta sama. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa kada bakinta ya leƙo waje da tanti, in ya leƙo zai tari ruwan da ke zubowa ya kai shi ƙarƙashin masu barci.

Sanyi kuma daga ƙasa yake shigowa fiye da sama. Yara kan lulluɓe da bargo biyu su kwanta a kan leda zalla, su kwana suna karkarwa. Gara ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kayan barci su zama busassu a cikin leda daban, kada a kwanta da rigar da aka yi gumi a cikinta.

Kewar gida tana zuwa ne da almuru, lokacin da aiki ya ƙare kuma ba abin yi. Kada a bar wannan lokaci fanko. A sa wasa, a sa waƙa a bakin wuta, a ba wanda aka ga ya yi shiru wani aiki na hannu. Kuma duk mai horarwa ya san cewa a cikin ƙananan akwai mai fitsarin kwance. A tambayi iyaye a asirce tun a takarda, a sa shi kusa da ƙofa, a tashe shi sau ɗaya, da safe kuma a ce kowa ya shanya shimfiɗarsa, kowa da kowa, don kada a gane ta waye ta jiƙe. Yaron da aka yi wa dariya kan wannan ba ya dawowa.

Malam Habu

Malama, ban musa ko ɗaya ba. Abin da na fahimta daga maganarki shi ne fitar farko ta zama gajeriya kuma kusa. Dare ɗaya, a wurin da mota za ta iya isa, a lokacin da yanayi ya fi sauƙi. Amma kada a jinkirta ta. Sabon yaro ya kwana a tanti cikin watanni ukun farko da shigowarsa, tun ɗokin bai huce ba.

Sista Ladi

Bari in sa baki ta fannin lafiya, domin sansanin da aka dawo da yara suna gudawa ya rufe ƙofar fita ta gaba, iyaye ba za su sake sa hannu ba.

Ruwa: ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita ita ce aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da tsafta. Yara talatin da manya biyar ke nan lita 525 a rana. A yi wannan lissafi kafin a zaɓi wuri. Na sha kaɗai lita biyu da rabi zuwa uku ne, ya fi haka in ana zafi ko ana tafiyar ƙafa. Ruwan da ba a tabbatar da shi ba a tace da tsumma mai tsafta, a tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. Jarkar ruwan sha ta zama daban, da alama a jikinta, a riƙa tsiyayawa, ba a tsoma kofi a ciki.

Masai: ɗaya ga mutum ashirin shi ne iyaka, na maza daban na mata daban. Ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi, ya kasance ta gangare, kuma ta inda iska ke tafiya, ba ta inda take zuwa ba. A ajiye tarin ƙasa da shebur a gefe, kowa ya rufe bayan ya gama, saboda ƙuda. Ruwa da sabulu a bakin masai da kuma bakin wurin girki. Yawancin gudawar sansani daga hannu take zuwa, musamman hannun mai girki.

In gudawa ta kama yaro: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Fakitin ruwan gishiri da sukari da aka riga aka auna ya fi, a sa shi a akwatin magani. In akwai jini a bayan gida, ko yana amai ba ya riƙe ruwa, ko ya galabaita, asibiti kai tsaye.

Abu biyu da ke kisa waɗanda ake rainawa. Na ɗaya, shigar da garwashi, kurfoti ko risho cikin tanti don ɗumi. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ko bayan wutar ta yi kamar ta mutu, mutum yana barci zai wuce. Babu wuta kowace iri a cikin tanti, tocila kawai. Na biyu, tsawa. Tanti ba ya kare mutum daga aradu. In aka ga walƙiya a ƙirga, kowane daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ne. In ƙarar ta zo kafin a kai talatin, a koma gini ko cikin mota mai rufi, a jira minti talatin bayan ƙarar ƙarshe.

Zafi ma ba abin wasa ba ne. Babban taron sikawut na duniya da aka yi a Saemangeum, Koriya ta Kudu, a 2023 ya tara mutane fiye da dubu arba'in a fili mai ƙarancin inuwa. Ɗaruruwa suka kwanta saboda zafi, aka yi ta koke kan masai da tsafta, tawagar Birtaniya da ta Amurka suka janye daga filin, daga baya aka kwashe kowa saboda guguwar da ke tafe. In taron duniya zai iya tuntuɓe kan inuwa, ruwa da masai, ƙaramar ƙungiya ba ta da hujjar yin sakaci da su.

Sannan takardar lafiya daga iyaye: asma, sikila, farfaɗiya, ciwon sukari, abin da jikin yaro ba ya so, da maganin da yake sha da lokacinsa. Babba ɗaya ne zai riƙe magungunan ya rubuta duk abin da ya bayar. A san asibiti mafi kusa, a kuma bar mota ɗaya da mai a cikinta, fuskarta na kallon hanya.

Usman M.

Ni dai ina da ja a kan asalin maganar. Sansani sau uku ko huɗu ne a shekara, taron mako kuwa kusan sau arba'in. In taron mako ya mutu, kwana biyu a daji ba zai tashe shi ba. Kuma akwai kuɗi. Duk lokacin da aka ce sai an biya, yaran da suka fi buƙatar ƙungiya su ne ke zama a gida, su ji abokansu na labarin abin da ba su gani ba, su ji kamar su baƙi ne. A nan sansani ya raba ƙungiya gida biyu.

Hajiya Rabi

Usman, maganarka ta farko gaskiya ce, sai dai abubuwan biyu ba kishiyoyi ba ne. Sansani ne ke ba taron mako aikin yi. Dubi jerin da Baba Garba ya kawo: makonni huɗu na shiri, sannan mako ɗaya ko biyu bayan dawowa na gyaran kaya da bita. In ana fita sau huɗu a shekara, rabin tarurrukan ko fiye sun riga sun samu manufa. Ana koyon ɗaure sanduna ne saboda za a yi teburin girki, ana koyon kamfas ne saboda za a nemo wurin kwana da shi.

Maganar kuɗi kuwa tana da nauyi, kuma yawancin tsadar mu muke jawo ta. Mota ce ta fi cin kuɗi, don haka uku daga cikin fita huɗu su zama kusa, inda za a iya takawa ko a yi gajeriyar tafiya. Kayan rukuni, wato tanti, tukwane, bokiti, fitila, igiya da gatari, na ƙungiya ne, ana saye sau ɗaya a kula da su. Kada a ba iyaye jerin kayan da sai an saya sababbi. Bargon gida ya isa, leda babba ta isa rigar ruwa, kwano da cokali na gida sun isa. A sanar da ranakun shekara gaba ɗaya tun farkonta, a buɗe ajiya yara su riƙa kawo kaɗan-kaɗan duk mako. A ware wani abu a asusu don wanda ya kasa, kuma ma'aji da shugaba kaɗai su san ko waye.

Amma ga abin da nake ganin ya fi shafar tambayar Malam Habu. 'Yan sha huɗu ba don babu sansani kaɗai suke tafiya ba. Suna tafiya ne don sansanin bana iri ɗaya ne da na bara da na bara waccan: fili ɗaya, wasa ɗaya, jadawali ɗaya, ga kuma ƙananan yara an haɗa su da su. Dole a yi matakala. Ɗan goma zuwa sha ɗaya: yini a daji, sai dare ɗaya. Ɗan sha biyu zuwa sha uku: dare biyu ko uku, rukuni na girkinsa. Ɗan sha huɗu zuwa sama: tafiyar ƙafa da kaya a baya, su tsara hanya a taswira, su kwana a wani wuri daban kowane dare, manya na haɗuwa da su a wuraren da aka yi alkawari maimakon bin su a baya. Shirin lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wanda aka fara wa matasa a Birtaniya a 1956, haka ya tsara tafiyarsa: kwana biyu da dare ɗaya a matakin tagulla, kwana uku da dare biyu a azurfa, kwana huɗu da dare uku a zinariya, a ƙungiyar mutum huɗu zuwa bakwai. Ko ƙungiya ba ta cikin shirin, tsarin abin aro ne. Ƙaramin yaro ya ga manyan sun goya jaka sun nufi inda shi ba a yarda ya je ba tukuna, wannan kaɗai ya isa ya zaunar da shi shekara biyu yana jira.

A lura da nauyin jaka: kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin mai ɗaukarta, ga ƙananan ma kashi ɗaya cikin biyar. Kuma kada a fara doguwar tafiya da sabon takalmi.

Ɗanlami

To waya fa? A karɓe ko a bari?

Usman M.

A bari. In ka ce babu waya, rabin manyan ba za su zo ba.

Malama Saudatu

Ga ƙananan a karɓe, kuma a faɗa wa iyaye tun farko. Yaron da ke kewar gida in ya kira uwarsa da tsakar dare yana kuka, ita ma hankalinta zai tashi, kafin asuba an zo ɗaukarsa, alhali da an bar shi da safe ya ware. A ba iyaye lambar babba ɗaya, a kuma tura musu saƙo ɗaya da yamma cewa an isa lafiya. Ga manyan da ke tafiyar ƙafa, waya ɗaya ko biyu ga rukuni, a cike da caji, a kashe, a nannaɗe a leda don gaggawa. Sauran dokar a bar shugabannin rukuni su tsara, dokar da suka kafa da bakinsu sun fi bin ta.

Tun da na karɓi magana, bari in taɓo 'yan mata. Tun 1909 'yan mata suka bayyana a taron sikawut na Crystal Palace a Landan suna neman a sa su, abin da ya kai ga kafa ƙungiyarsu a 1910. Sha'awar tana nan, abin da ke hana su shi ne rashin amincewar iyaye da rashin shiri. Dole manyan mata su kasance a sansanin dare da rana, su ne kuma ke kwana kusa da tantunan 'yan mata. Masai da wurin wanka su zama a killace sosai, da fitila a hanya, kuma ba a zuwa da daddare sai mutum biyu. A sa audugar mata a akwatin magani, da leda da wurin zubarwa, a kuma faɗa musu wace ce za su nema. Shekarun da yarinya ke fara al'ada su ne shekarun da ake rasa ta a ƙungiya, kuma sau da yawa tsoron kunya a sansani na cikin dalilan da ba za ta furta ba. A kira iyaye taro kafin fita, a nuna musu taswirar wurin da inda kowa zai kwana, wanda ya so ya zo ya gani da idonsa ranar farko.

Baba Garba

Malama ta taɓo amana, bari in ƙarasa. Babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko a tanti, ko a mota, ko wajen ba da magani. Kullum manya biyu, ko kuma a fili inda ake gani. Manya ba sa kwana a tantin yara. Wannan kariya ce ga yaro, kariya ce kuma ga mai horarwa. Duk wanda aka ɗauko don taimako, direba ne ko mai gadi, dokar ta hau kansa.

Sai cin zali tsakanin yara. Akwai ƙungiyoyin da manyan yara ke yi wa sababbi wai horon shiga: a tashe su da tsakar dare, a watsa musu ruwa, a sa su tsallen kwaɗo, a ba su labarin aljanu. Wasu masu horarwa na kawar da kai suna cewa haka ake zama namiji. Wannan ɓarna ce, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke zubar da sababbin yara. A faɗa wa shugabannin rukuni tun a taron shiri cewa ana auna su ne da yadda ƙaramin cikinsu ya kwana. Bayan an kashe fitila babba biyu su zagaya su saurara daga waje, su sake zagayawa bayan awa ɗaya. Kuma kada a mai da aikin sansani horo. In ɗebo ruwa ko haƙa masai ya zama hukuncin mai laifi, ba wanda zai sake yin sa da zuciya ɗaya.

A ƙirga yara da suna, ba da ido ba: kafin tashi, bayan isa, kowane cin abinci, kafin barci, da kafin a shiga mota a dawo.

Malam Habu

Na karɓi gyaran Hajiya cewa irin sansanin ne ke riƙe yaro. Abin da zan ƙara shi ne abin da ake yi bayan an sauke tanti, domin nan ake yawan yin sakaci. Kafin a bar fili a sanar da ranar fita ta gaba da abin da za a yi a cikinta wanda ba a yi a wannan ba. A taron farko bayan dawowa kowane rukuni ya zauna minti goma sha biyar ya amsa tambaya uku: me ya yi kyau, me ya lalace, me za mu canza. Magatakardan rukuni ya rubuta, a buɗe littafin in an zo shirin gaba. Duk wanda ya cika sharaɗin wata lambar yabo a sansanin a ba shi ita a wannan taron, kada a ce sai bikin ƙarshen shekara.

A kuma duba rajista. Yaron da ya je sansani bai zo taro biyu na bayansa ba, wani abu ya faru a can. Shugaban rukuninsa ya fara zuwa wurinsa, in bai faɗa ba babba ya tuntuɓi iyaye. Wanda kuma bai je sansanin ba, a ba shi aiki a shirin na gaba tun yanzu.

Ɗanlami

Na gode ƙwarai iyayena, na kwafe duka. Tambaya ta ƙarshe: in aka sauke tanti cikin ruwan sama fa, ga yara sun gaji kowa na son gida?

Baba Garba

A naɗe shi a jiƙe a kawo, amma kada ya wuce washegari a cikin jakarsa. Tantin da aka bari a jiƙe kwana biyu ko uku zai yi funfuna, ya yi wari, ɗinkinsa ya ruɓe, ya daina riƙe ruwa. Tun kafin a tafi a rubuta sunan mutum biyu daga kowane rukuni waɗanda za su zo shanya. A baza shi a inuwa mai iska har ɗinki da igiya su bushe, domin su ne ke daɗewa da laima. A kankare ƙasar jikin turaku, a ƙirga su, a rubuta adadin a jikin jakar. Wanda ya yage a ɗinke shi a wannan makon, yaran rukunin da kansu, kafin a mai da shi ma'aji.